Ummi, Ki Bar Wa Gwaggonki Alkakinta



Ummi,

Da fatan kin fara sabawa da sabon wuri da sababbin fuskoki. Na ba mahaifiyarki wannan takarda na ce ta ɓoye, kada ta miƙa miki sai 'yan biki sun watse, lallen hannunki ya fara dusashewa, kin samu natsuwar karanta abu mai tsawo. Nasihar aure kin sha ta a bakin iyayenki mata har ta ishe ki, ba zan ƙara miki ko ɗaya ba. Ni maganar sukari zan yi miki. Kada ki yi dariya. Baki da baki ba na iya ja da ke, domin kafin in kai ƙarshen zance kin jero mini lissafi, sai haushi ya kama ni in ce "to, na ji," alhali ni da ke mun san ban ji ba. A takarda kuwa babu mai katse ni.

Bari in fara ba ki haƙƙinki. Yawancin abin da kika dawo da shi daga jami'a kika yi ta damun mu da shi gaskiya ne. Na bi sawunsa da kaina ina neman inda zan kama ki, ban samu ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake zuba wa ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa na yini. Ga baligi matsakaici, kimanin gram 50 ke nan, ƙaramin cokali wajen 12. Suka ce in da hali a sauko ƙasa da kashi 5, wato gram 25, cokali 6 kacal tun daga asuba har kwanciya. Ranar da kika fara faɗa mini haka na ce ai waɗannan mutanen ba su taɓa zama a teburin mai shayi ba. Sai kika ɗauko robar lemo ta rabin lita, kika juya bayanta, kika nuna mini rubutun da ban taɓa damuwa da karantawa ba: kowane mililita 100 akwai sukari gram 10 da ɗoriya. Roba guda ta cinye rabon yini duka har ta ci bashin gobe. Kuma ba ta ƙosar da kowa. Wanda ya shanye ta zai zauna ya ci tuwonsa cif, kamar bai sa komai a ciki ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da kika rushe mini maɓoyata. Na daɗe ina cewa ni ai ba farin sukari nake sha ba, zuma nake sha da mazarƙwaila, kayan gargajiya. Ashe a lissafin nan zuma tana ciki, ruwan 'ya'yan itace da aka matse yana ciki, mazarƙwaila kuwa ba ta da bakin magana, tunda ruwan rake ne aka dafa ya daskare, asalinsu ɗaya da farin. Abin da aka ware shi ne zaƙin da ke cikin madara tun fil azal, da na ɗan itacen da aka ci da tsokarsa da zarensa, irin mangwaro da gwanda da lemon da aka ɓare aka tauna. Duk na karɓa. Daga nan ne muka raba hanya.

Ke ba ki tashi a Zariyar da na tashi ba. Mu ma muna son zaƙi, kada wani tsoho ya yi miki ƙaryar cewa yaran da ba su da kwaɗayi. Sai dai a lokacin zaƙi yana da wuyar kamawa. Rake ne babban abinmu, ana shigo da shi daga wajen Maƙarfi in sanyi ya kama. Kafin ka fere gaɓa uku, ka tauna, ka tofar da tuƙa, muƙamuƙinka ya gaji, dole ka haƙura. Ga goriba da za ka yini kana gwaguya, ga kanya da magarya da ɗinya, kowace da watanta, in ta wuce sai baɗi. Mazarƙwaila sai ranar kasuwa. Na taɓa ganin inda ake yin ta: doki yana zagaya injin matsa, ruwan rake yana tsiyaya, a zuba a manyan tukwane a yi ta dafawa har ya yi kauri, a juye a 'yan kwanuka ya daskare. Wanda ya ga wannan wahala ba ya wasa da curi guda. Sukarin ƙwaya mai shuɗin kwali kuwa a akwatin Hajiya yake kwana, wadda kika ci sunanta, Allah ya jiƙan ta, makullin yana ɗaure a gefen zanenta. Baƙo ake fito wa da shi, ko maras lafiya. Na sha yin ƙaryar ciwon kai don a dama mini kunu da ƙwaya biyu. Ta sani sarai. Sai ta taɓa goshina ta ce Allah ya sawwaƙe, ta jefa ƙwaya ɗaya.

Alkaki da nakiya da dubulan kuwa ba su taɓa zama abincin kullum ba. Da dalili suke zuwa: an ɗaura aure, an yi suna, an sauko daga idi, ko wani zai yi doguwar tafiya a ƙulla masa nakiya don tana daɗewa ba ta lalace ba. In gara ta shigo gida rabawa ake yi, ƙofa-ƙofa, har maƙwabcin maƙwabci. Abin da zai iso hannun yaro bai wuce gutsure ba.

To ki tuna yinin gidanmu kafin ki zo ki tayar mana da hankali. Koko da sukari da safe, shayi da madarar gwangwani da sukari, biredin ma da nasa a ciki. Ƙannenki su tafi makaranta da biskit da lemon kwali a jaka. Da rana zoɓo ko kunun aya mai sanyi, wanda mai yin sa ta san in bai ji sukari ba gobe ba za a dawo ba. Furar ma da a da nono ya ishe ta, yanzu sai an cika ta da sukari. Baƙo ya zo, lemon kwalba. Za a je dubiya asibiti, a riƙa malta da madara wai ƙarin jini, alhali abin da ke cikin gwangwanin nan yawancinsa ruwa ne da sukari, masu ƙara jinin na gaskiya suna can wurin hanta da wake da ganye. In azumi ya zo abin ya ninka: sunna dabino ne da ruwa, mu kuwa mu jera kunu da zoɓo da lemo mu sha har tsayuwar asham ta gagare mu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da muke kira kayan zaƙi, ba ma ko lissafa su. Ba mu taɓa zama muka ce yau za mu ci daɗi ba, ƙishirwa kawai muke kashewa.

Wannan ne ya kai ni gaban likita, Ummi. Alkakin Gwaggonki sau nawa nake ganin sa a shekara? Shayi kuwa kullum ne, safe da dare, shekara da shekaru.

Shi ya sa ban ji daɗin abin da ya faru ranar da aka zauna maganar gara ba. Na san niyyarki. Ba kya son a kai wa dangin mijinki abin da kike hana mutane a wurin aikinki. Amma kalmar da ta fito bakinki ita ce "guba", a gaban mata kika faɗe ta, ga matar da ta goya ki. Gwaggonki ba ta yi boko ba, amma ba ta rasa amsa ba. Ta ce miki ya zo a Sahihul Buhari, daga Nana A'isha, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana son zuma da abin zaƙi, to ke wace ce. Kika ce ai ba a ce safe da rana da dare yake ci ba, kuma gidan nan nasa akan yi wata ba a hura wuta ba. Ina zaure ina jin ku, na ce a raina duka biyun sun yi karatu. Ita ta kawo halaccin abu, ke kin kawo gwargwadonsa, kuma addinin da ya halatta ci da sha shi ne ya hana wuce iyaka. Da a nan kuka tsaya da an tashi lafiya. Sai kika ɗora da lissafin cokali, ita kuma ta ja mayafinta ta tafi ba ta ci abincin rana ba.

Ke a faranti kika san alkaki. Ita Gwaggonki alkama za ta wanke ta shanya, a kai a ɓarzo, ta murje ta da mai, ta kwaɓa da ɗan tsami, ta rufe ta kwana. Kashegari ta zauna tana mulmulawa tana naɗewa ɗaya bayan ɗaya, ta soya a wuta marar gaggawa don cikinsa ya soyu, sannan ta tsoma a ruwan zuma ko na sukari da aka dafa da tsamiya don kada ya ƙanƙare. A hannun Hajiya ta koya. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da kaskon nan ta ciyar da su, ta biya musu makaranta, ba ta taɓa zuwa ƙofata da roƙo ba, ko da yake ni ƙaninta ne, kuma da ta zo haƙƙinta ta zo karɓa. Ba ta da gwal da za ta ba ki, ba ta da kujeru. Abin da ta iya duk duniya shi ta zo ta ce za ta yi miki, kwanaki a bakin murhu da ciwon gwiwarta. Shi kika kira guba.

Ba na cewa ki yi ƙarya don a ji daɗi. Ba ki ma iya ba. Ke ce yarinyar da malami ya yi kuskuren tara maki ya ba ta na ɗaya, ta ɗauki takardar ta koma ta ce a gyara, aka mai da ta ta uku. Na yi ta ba da labarin nan a majalisa har aka gaji da ni. Abin da ban riƙa faɗa ba shi ne kin daina kula ƙawarki har ƙarshen zangon, don kawai ta ce da ita ce da ta yi shiru. Gaskiyarki ba ta taɓa damu na ba. Abin da ke damu na shi ne in kin riƙe ta ba kya ganin fuskar wanda ke gabanki. Kuma ba sai na je nesa neman inda kika ɗauko ba. Na yi koyarwa har na yi ritaya, ban cuci yaro ko ɗaya a maki ba, ban kuma tausasa wa ko ɗaya ba. Yau tsofaffin ɗalibaina suna durƙusawa su gaishe ni a kasuwa, amma kaɗan ne ke zama a yi hira. Ba na so ki tsufa a haka.

Akwai kuma abin da nake so ki sake dubawa a tarihin da ke da kanki kika ba ni. Kin ba ni labarin John Yudkin, malamin ilimin abinci a Landan, wanda ya fitar da littafi a 1972 yana gargaɗi a kan sukari, aka yi masa ca, domin a lokacin manyan masana sun tsaya a kan cewa kitse ne babban abokin gaba. Kin ba ni labarin takardun da masu bincike a Kalifoniya suka tono suka bayyana a 2016, waɗanda suka nuna ƙungiyar masu sukari ta Amurka ta biya wasu malaman Jami'ar Harvard dala 6,500 suka rubuta nazarin da ya fito a 1967, wanda ya sassauta wa sukari ya ɗora wa kitse laifin ciwon zuciya, ba tare da an faɗi wanda ya biya ba. Ke abin da kika ɗauka shi ne masu sukari sun yi yaudara. Haka ne. Ni wani abu na gani: shekaru da yawa mutanen kirki masu digiri, da zuciya ɗaya, sun yi ta tsorata jama'a da man shanu da ƙwai, kamfanoni suna cire kitse daga abinci suna cike gurbinsa da sukari, mai saye yana ganin lafiya ya sayo. Waɗancan ma da tabbaci suke magana, irin naki. Ban kawo wannan don a watsar da ilimi ba, tunda masu ilimin ne suka tono kuskuren, 'yan gardamar bakin titi ba su tono komai ba. Ina dai cewa wanda ya ware abu guda ya ce shi ne shaiɗanin abinci, sauran za su shige ta bayansa yana can yana gadi.

Ciwon sukari ma ba sukarin cokali kaɗai ke kawo shi ba, ke kika koya mini. Akwai gado, akwai ƙiba musamman ta tumbi, akwai shekaru, akwai zaman da muke yi daga mota zuwa kujera. Malmalar tuwon shinkafa da farin biredi su ma sukari suke komawa a jini, ko da harshe bai ji zaƙinsu ba. Akwai kuma irin wanda ya fi kama yara, wanda jiki ne ke daina yin insulin, ba ruwansa da alewar da suka sha ko ba su sha ba. Tunda kin san haka, kada in sake jin kin ce wa mai ciwo shi ya jawo wa kansa. Na ji kin faɗa a kan maƙwabcinmu da aka yanke wa yatsun ƙafa. Ko da gaskiya ce, ba ranar faɗinta ba ce. Mutumin da ke kan sitiyari tun asuba, abin da ya fi araha ya fi kusa da hannunsa shi ne biredi da lemo. Kifi da 'ya'yan itace kuɗi ne. Da gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da dangoginsa a dokar kuɗi ta 2021 kin yi murna, ni kuwa ban ga wanda naira 10 ta hana sha ba. A Birtaniya da nasu ya fara aiki a 2018, da yawan sukarin da ke cikin kwalba suka ɗaura harajin, sai kamfanoni da dama suka rage shi tun kafin ranar ta zo. Can faɗan yake, wurin masu zuba shi da buhu, can nake so ki kai zafin nan naki. Tsohuwa mai kasko ba sa'ar karawarki ba ce.

Yanzu gidanki ne, ludayi yana hannunki. Na lura angon naki irina ne, na ga yadda ya haɗa shayi a zaure. Kada ki kafa masa doka tun makon farko. Ki tambayi mahaifiyarki yadda ta yi da ni. Bayan likita ya ce ina bakin iyaka, na yi ta ɗaukar alkawari ina karyawa, in fita isha'i in zarce teburin mai shayi, har mai shayin ya gaji da ni ya fara aiko mata da rahoto. Ba ta yi mini wa'azi ba. Cokalin ta riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ba ta faɗa ba, har wata rana aka ba ni shayi a gidan suna na kasa shanyewa. Na dawo ina mitar sun cika masa zaƙi, ta kawar da kai tana murmushi. Harshe yana sabo, yana kuma barin sabo, lokaci kawai yake so. Ke na san ba za ki iya ɓoyewa ba, to ki gaya masa, amma ki bi shi a hankali.

In Allah ya kawo rabo, ga inda nake so ki fi ni. Lokacin da kuke ƙanana da duhu nake fita in dawo da duhu, makaranta da safe, lesin da yamma. In na shigo ban san me zan ce muku ba; mahaifina bai saba hira da mu ba, ni ma ban koya ba. Sai na riƙa cika aljihu da alewa. Da kun ji ƙarar babur ku fito da gudu kuna oyoyo, ni kuwa ina jin daɗi, ban tsaya na tambayi kaina ni ake yi wa ko aljihun ba. Wanda ya yi kuka, alewa. Wanda ya ci jarrabawa, alewa. In na yi wa ɗaya faɗan da ya wuce kima, maimakon in buɗe baki in lallashe shi sai in miƙa masa cakulan. Mahaifiyarki ta yi magana har ta gaji. Turmin haƙorinki da aka cire kina ƙarama, ni na riƙe ki a kujerar likita, kuma na san da kuɗina na sayo miki ciwon. A ranar ne likitan ya yi mini bayani: ƙwayoyin da ke zaune a baki suna cin sukari su fitar da tsamin da ke cin haƙori, kuma yawan maimaitawa ya fi ɓarna. Yaron da ya ci alkaki guda bayan tuwo ya kuskure baki ya fi tsira a kan wanda ke tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya tun safe. Haƙorin ma ƙaramar asara ce. Babbar ita ce na koya muku cewa zaƙi shi ne lada, shi ne ban haƙuri, shi ne maganin ɓacin rai. Ki dubi ƙaninki, har yau in ransa ya ɓaci firji yake nufa. Nakan yi tunanin ko zafin da kike yi wa sukari ma daga kujerar nan ya faro.

Jariri dai likitoci sun hana a ba shi zuma kafin ya cika shekara, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjinsa bai yi ƙwarin yaƙa ba tukuna. Sun kuma ce a nisanta shi da abin da aka zuba wa sukari har ya shekara 2. A kan wannan ki tsaya, ko wace ce ta zo da cokali. Amma tsayuwa daban, cin fuska daban. Surukarki ma ta raini yara sun girma, ki fara da yaba mata wannan, sannan ki ce likita ne ya hana. Ki bar laifin a kansa, ba ya nan balle ya ji haushi. In 'ya'yanki sun tasa kuma, kada ki mai da gidanki gidan da ba a taɓa ganin abin zaƙi ba. Na san ɗan gidan da ake hana komai, na koyar da irinsu da yawa: shi ne ke tsaye a bakin tiren mai alewa yana kallon bakin 'yan'uwansa, shi ne ke fara taɓa canjin cefane. Ki bari su san Juma'a da sallah da ranar biki sun bambanta da Talata. Su ci a faranti, a zaune, a gabanki, suna sane da cewa abin daɗi suke ci. Sauran kwanaki kuma in sun ji ƙishi su san randa.

Ciwon sukarin nan yana danginmu. Hajiya mai kulle sukari a akwati ma ya same ta a ƙarshen rayuwarta, ga ni kuma a bakin iyaka. Ki riƙa auna jininki ko sau ɗaya a shekara, musamman in rabo ya samu. Na lura masu tura mutane awo su ne ba sa zuwa.

Gwaggonki ta yi alkakin. Ta ce kada in gaya miki, yana cikin garar. Da zuma ta yi shi, wadda ta aika ƙauye aka sayo da kuɗinta, wai tunda 'yar boko ba ta son sukari. Don Allah kada ki gaya mata zuma ma tana cikin lissafi. Ki ci guda, ki raba sauran yadda ake rabawa. In kin fara fita, gidanta za ki fara zuwa kafin namu. Ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ban da "amma". Sannan ki ce ta koya miki, domin a cikin 'ya'yanta babu wadda ta tsaya ta koya, idonta kuma ya fara rauni. Ki tafi da alkama mudu biyu da tsamiya, ki nemi izinin maigidanki ki kwana, tunda kwaɓin sai ya kwana.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ki gaishe da angon naki.

Wassalam.

Mahaifinki.